Shekara Uku Ana Gardama A Kan Uban Luke Skywalker

Ran 21 ga watan Mayu na shekarar 1980 aka fara nuna wani fim a gidajen sinima na ƙasar Amurka mai suna The Empire Strikes Back, watau Daula ta mai da martani. Mutanen da suka kwana a layi don su sami tikitin farko sun shiga da murna, amma da yawansu sun fito jiki a sanyaye, domin fim ɗin ya ƙare alhali labarin bai ƙare ba. An kama ɗaya daga cikin jarumawan an daskarar da shi an tafi da shi, an sare wa ɗayan hannu, sa'an nan mugun cikin labarin, wanda kowa ya tsana, ya dubi yaron da kowa ke so ya ce masa shi ne ubansa. Jim kaɗan bayan wannan sai aka kunna fitilu. Duk mai son ya san ko maganar gaskiya ce ko ƙarya, sai da ya jira shekara uku da kwana huɗu.

Wannan fim yana cikin irin waɗanda ake ginawa a kan ƙagaggen labarin kimiyya, masu jiragen da ke ratsa sararin samaniya da duniyoyi masu nisa da mutum-mutumi masu magana. Shi ne kashi na biyu na Star Wars, watau Yaƙin Taurari, wanda George Lucas, mutumin Kalifoniya, ya shirya yana da shekara 33. Sa'ad da aka fito da na farkon ran 25 ga Mayu 1977, gidajen sinima 32 kaɗai aka fara nuna shi, don masu gidajen ba su zaci zai yi kasuwa ba. Abin da aka kashe a kansa wajen dala miliyan 11 ne. Kafin ya cika shekara ya riga ya ture Jaws, fim ɗin kifin nan mai cin mutane, ya zama shi ne ya fi kowane fim kawo kuɗi a tarihin Amurka har zuwa lokacin.

Ga wanda bai gani ba, labarin na wani maraya ne mai suna Luke Skywalker, wanda ke aikin gona wurin kawunsa a wata duniya mai hamada. A ƙasar Tunisiya aka ɗauki hoton hamadar. Wani tsoho, Obi-Wan Kenobi, ya gaya masa ubansa jarumi ne daga cikin wata ƙungiya da ake kira Jedi, kuma wani almajiri mai suna Darth Vader ya ci amanarsa ya kashe shi. Wannan Vader ɗin shi ne dogon nan mai baƙar alkyabba da baƙin kwalkwali, wanda ba a ganin fuskarsa sai dai a ji numfashinsa. Luke ya haɗu da wani ɗan fasa-ƙwauri, Han Solo, da Gimbiya Leia, shugabar 'yan tawaye, suka tarwatsa babban makamin Daular. Amma Vader ya tsira a cikin ɗan ƙaramin jirginsa, saboda haka ko yaro ya san da sauran magana.

Akwatin da ba kome a ciki

Tun daga nan jira ya soma, kuma tun daga nan aka gane cewa jiran ma abin sayarwa ne. Lucas ya yi wayo a yarjejeniyarsa da kamfanin 20th Century Fox, ya riƙe ikon yin kashi na gaba, kuma ya sami hannu a cinikin kayan wasan yara masu siffar mutanen fim ɗin. Da Kirsimeti ta 1977 ta gabato, kamfanin Kenner da aka ba kwangilar kayan wasan bai gama ƙera ko ɗaya ba. Sai ya shiga sayar da kwali wanda ba 'yartsana ko ɗaya a ciki, sai takardar alkawari cewa za a aiko da guda huɗu ta gidan waya a shekara mai zuwa. Iyaye kuwa suka saya, yara suka karɓa da murna.

Ba duk abin da aka miƙa wa masu jira ne suka haɗiye ba. Ran 17 ga Nuwamba 1978 gidan talabijin na CBS ya nuna wani shiri na waƙe-waƙe da barkwanci da 'yan wasan fim ɗin a ciki. Shirin ya yi muni har ba a sake nuna shi ba. Abu guda da aka tsinta a cikinsa shi ne wani ɗan farautar mutane don lada, mai sulke da kwalkwali, sunansa Boba Fett. 'Yan mintoci ya yi a cikin wani zanen majigi, amma sai masoya suka ɗauke shi suka ɗora a kai, aka yi ta tambayar ko wane ne a ƙarƙashin kwalkwalin.

A ɓangaren Lucas kuwa abin ba wasa ba ne. A zamanin nan masu harkar fim na Hollywood sun ɗauka kashi na biyu ba ya kamo ƙafar na farko wajen ciniki. Duk da haka ya ƙi karɓar kuɗin kamfani, ya zuba ribarsa ya kuma ci bashin banki, don kada wani ya sa masa baki a cikin labarinsa. Marubuciyar da ya fara ba aikin, Leigh Brackett, ta rasu a watan Maris 1978, jim kaɗan bayan ta miƙa rubutun farko. Lawrence Kasdan ne ya ƙarasa. Darektan da aka ɗauka, Irvin Kershner, ya taɓa koyarwa a jami'ar da Lucas ya yi karatu. Da aka je Finse a ƙasar Norwe a watan Maris 1979, sai guguwar ƙanƙara ta rufe su, har wasu hotunan daga bakin ƙofar otal aka ɗauke su. Kuɗin da aka tsara kashewa dala miliyan 18 ne, aka ƙare da fiye da miliyan 30. Da fim ɗin ya faɗi, da Lucas ya faɗi tare da shi.

Masu jira ba su san yawancin wannan ba, su dai ƙishin labari ke damunsu. Kamfanin Lucasfilm ya kafa ƙungiyar masoya mai 'yar jaridarta, Bantha Tracks, kuma ya ɗauki ma'aikaci musamman don hulɗa da su, Craig Miller. A farkon 1980 aka buɗe wata lambar tarho ta kyauta wadda ƙarshenta 521-1980, watau ranar fitowar fim ɗin ke nan bisa yadda Amurkawa ke rubuta kwanan wata. In mutum ya buga sai ya ji muryar ɗaya daga cikin 'yan wasan tana ɗan tsakura masa labari. Yawan masu bugawa ya sa layukan kamfanin waya suka cushe. Har ila yau an riƙa sakin jita-jita da gangan ana cakuɗa ta gaskiya da ta ƙarya, don kada a gane wadda za a kama.

Asirin da aka rufe

Babban asirin kuwa, ko yawancin 'yan wasan ba su san shi ba. A rubutun da aka raba an sa wata magana dabam a wurin. David Prowse, ƙaton Baturen Ingila da ke cikin kayan Vader, ba muryarsa ake ji ba, domin daga baya ake ɗora ta James Earl Jones, wani baƙar fata ɗan Amurka mai murya kamar tsawa. Mark Hamill, wanda ya fito a matsayin Luke, ya sha ba da labarin yadda Kershner ya ja shi gefe gab da ɗaukar hoton ya gaya masa gaskiyar abin da za a faɗa, ya kuma gargaɗe shi cewa in maganar ta fita, an san daga bakin wa ta fita. Ya yi fiye da shekara yana riƙe da ita.

Abin dariyar shi ne, duk wannan kaffa-kaffa, littafin labarin fim ɗin wanda Donald F. Glut ya rubuta ya shiga kantuna tun watan Afrilu 1980, da asirin a cikinsa ɓaro-ɓaro. Wanda ya saya ya karanta ya sani. Amma a lokacin ba intanet, labari ba ya yawo sai ta baki ko ta wasiƙa ko ta mujallar wata-wata, saboda haka mafi yawan 'yan kallo sun shiga sinima ba su san kome ba. Waɗanda suka fito suna faɗa da ƙarfi a gaban masu layi, su aka fi jin haushi.

Masu sharhi a jaridu sun rabu. Vincent Canby na New York Times bai ga abin yabo sosai ba, a ganinsa fim ne mai tsakiya kawai, ba farko ba ƙarshe. Pauline Kael ta mujallar New Yorker ta yaba. Cikin 'yan kallo ma akwai waɗanda suka yi fushi, suka ce sun biya kuɗin cikakken labari an ba su rabi, kuma an ɗauke musu raha da nasarar da suka saba da ita a na farko an sa duhu da shan kashi. Wani abin da ya ƙara rikita mutane shi ne rubutun da ya bayyana a farkon fim ɗin yana cewa wannan kashi na 5 ne. Ina na 1 da na 2 da na 3? Sai a 1981 aka sake fito da na farkon da lambar kashi na 4, Lucas kuma ya riƙa cewa fina-finai tara ne a cikin shirinsa. Da duk wannan ƙorafi, ba fim ɗin da ya kai shi ciniki a 1980, Lucas ya biya bashinsa.

Gardama

To, daga nan ne aka shiga shekaru ukun da tsofaffin masoya ke tunawa har yau. Mai karatu ya tuna cewa ba a sayar da kaset ɗin bidiyo na wannan fim ba sai 1984. Wanda ke son ya sake duba wata magana sai ya jira a maido da fim ɗin sinima, kamar yadda aka yi a 1981 da 1982, ya sake yankar tikiti. Saboda haka gardamar da ƙwaƙwalwa ake yinta, a filin makaranta da ɗakin cin abinci na ma'aikata da shafin wasiƙu na mujallu irin su Starlog.

Tambaya ta farko ita ce ko Vader ƙarya ya yi. Masu cewa ƙarya ce suna da hujja mai ƙarfi. Mugu ne, kuma yana son ya ja yaron zuwa gare shi, me zai hana shi yin ƙarya? In kuwa gaskiya ya faɗa, to, tsohon kirki Obi-Wan ne maƙaryaci ke nan, wannan kuwa ya fi wuyar haɗiyewa. James Earl Jones da kansa ya ce sa'ad da ya karanta maganar, abin da ya fara zuwa ransa shi ne Vader ƙarya yake yi. Masu cewa gaskiya ce suka kafa hujja da ihun da Luke ya yi, suka ce mutum ba ya irin wannan kururuwa sai in zuciyarsa ta riga ta gaskata. Akwai kuma 'yan tsakiya. Da yake a fim na farko an ambaci wani tsohon yaƙi na mutanen da aka kwafo halittarsu ta hanyar kimiyya, sai wasu suka ce Vader kwafin uban Luke ne, don haka maganarsa rabi gaskiya rabi ƙarya. Har wasu suka ce sunan Obi-Wan ma lamba ce, OB-1, shi ma kwafi ne.

Tambaya ta biyu daga bakin Yoda ta fito, ɗan tsohon malamin nan kore mai dogayen kunnuwa, wanda 'yartsana ce Frank Oz ke motsa ta. Da Luke ya bar karatu ya tafi ceton abokansa, Yoda ya nuna cewa ko ya hallaka akwai wani wanda za a dogara gare shi. Wane ne wannan wanin? Wasu suka ce Han Solo ne, wasu suka ce Boba Fett, wasu suka ce wani ne da ba a nuna ba tukuna. Masu lura sun tuna cewa Leia ce ta ji kiran Luke a zuciyarta a ƙarshen fim ɗin, suka ce ita ce. Su ne suka canka, amma kaɗan ne suka kai ga cewa 'yar'uwarsa ce, domin a cikin wannan fim ɗin an nuna ta sumbace shi, kuma masoya sun riga sun rabu gida biyu a kan wanda ya kamata ta aura, Luke ko Han.

Maganar Han Solo ita ce ta fi shafar kuɗi. Harrison Ford bai sa hannu a kan fim na uku ba tun farko, daskarar da shi ɗin kuwa ta bar ƙofa a buɗe, ko ya dawo ko kada ya dawo. Ga shi kuma a 1981 ya fito a Raiders of the Lost Ark ya ƙara zama babban tauraro. Kamfanin Marvel da ke buga labarin a mujallar zane kowane wata ya shiga tsaka mai wuya, don ba a yarje masa ya ceto Han ba, sai jarumawan suka yi ta kewaye-kewaye har shekara uku. Billy Dee Williams, wanda ya fito a matsayin Lando, abokin da ya miƙa Han ga Vader, ya ce in ya je ɗauko 'yarsa daga makaranta yara sukan tare shi suna zarginsa da cin amana. Shi ne baƙar fata na farko da aka ba babban matsayi a fuskar allo cikin jerin, bayan sukar da aka yi wa fim na farko cewa duk faɗin samaniyarsa ba baƙin mutum.

Waɗanda haƙurinsu ya ƙare sai suka ɗauki alƙalami. Ƙananan mujallu da masoya ke bugawa da keken rubutu suna aika wa juna ta gidan waya suka yawaita, mata ne kuwa suka fi yawa cikin marubutansu, kowa na ƙarasa labarin yadda ransa ke so. Abin ya kai har a 1981 Lucasfilm ya aika musu da wasiƙar gargaɗi kada su sa batsa a cikin labaransu. A nan ne fa wahalar kashi na uku ta samo asali. Mutumin da ya shekara uku yana gina fim a cikin kansa, da wuya a kawo masa wanda zai gamsar da shi, domin nasa ba a kashe masa ko kwabo ba, kuma ba wanda ya taɓa kushe shi.

Gani ya kori ji

Lucas ya san idanu na kansa. Sa'ad da ake ɗaukar hoto a hamadar Arizona da dajin manyan itatuwa na arewacin Kalifoniya a 1982, sai aka laƙaba wa aikin sunan ƙarya, Blue Harvest, aka ce fim ɗin ban tsoro ne, har da huluna da riguna masu ɗauke da sunan, don a kauce wa 'yan leƙen asiri da masu tsawwala farashi. Sunan gaskiyar ma sai da ya canza. An riga an buga hotunan talla da sunan Revenge of the Jedi, watau ramuwar gayya, sai a watan Disamba 1982 Lucas ya mai da shi Return of the Jedi, watau dawowa, bisa hujjar cewa jarumin Jedi ba ya ramuwa. Dubban hotunan da suka rage aka sayar wa 'yan ƙungiyar masoya, yau kuwa sun zama kayan tsada.

Ran 25 ga Mayu 1983 fim ɗin ya fito a gidajen sinima fiye da 1,000, darektansa Richard Marquand, mutumin Wales. A ranar farko kaɗai ya kawo dala miliyan 6.2, abin da ba a taɓa yi ba. Amsoshin suka zo ɗaya bayan ɗaya. Vader uban Luke ne, kuma Lucas ya sa Yoda ya tabbatar da bakinsa, domin wani masanin halayyar yara ya shaida masa cewa ƙananan yara za su ci gaba da ɗauka ƙarya ce in ba wanda suka amince da shi ne ya faɗa ba. Leia tagwaye suke da Luke. Han ya farfaɗo. Obi-Wan kuwa ya kare kansa da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne ta wata fuska, amsar da har yau wasu ke ganin wayon tsofaffi ce kawai.

An yi tafi, an yi kuka a wurin da Vader ya ceci ɗansa aka cire masa kwalkwali. Amma ƙorafi bai jira ba. Boba Fett da aka shekara huɗu da rabi ana yi wa kirari, cikin kuskure aka buge shi ya faɗa bakin wani dodon rami. Sai kuma Ewok, wasu 'yan gajerun halittu masu gashi, waɗanda suka ci sojojin Daula da duwatsu da gungume. Yara sun so su, manya da yawa suka ce an sa su ne don a sayar da 'yartsana. Lucas ya ce abin da ke ransa shi ne yaƙin Biyetnam, inda masu ƙaramin makami suka gagari mai babba. Dukansu biyu na iya zama gaskiya. A Kenya kuwa wani abu dabam ya burge mutane: mataimakin matuƙin jirgin Lando, wata halitta mai suna Nien Nunb, da ya buɗe baki sai aka ji Kikuyu, domin wani ɗalibi ɗan Kenya ne ya yi muryar.

Da shekaru suka tura, fim ɗin 1980, wanda aka ce rabin labari ne, shi ne yawancin masoya da masu sharhi suka dawo suna cewa ya fi duk sauran. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa don tarihi.

Bayan shekara 16

Jiran da ya biyo baya ya fi tsawo, sakamakonsa kuma ya fi ɗaci. Da aka saki tallar The Phantom Menace a Nuwamba 1998, mutane sun riƙa sayen tikitin wani fim dabam don kawai su ga tallar, su tashi su fita. Wasu sun fi wata guda suna layi a bakin gidan sinima a Hollywood kafin ranar 19 ga Mayu 1999. Fim ɗin ya yi ciniki, amma fushin ya sauka a kan 'yan wasa. Ahmed Best, wanda ya yi wani ɗan barkwanci mai suna Jar Jar Binks, ya bayyana a 2018 cewa zagin da ya sha ya kai shi ga tunanin kashe kansa. A farkon 2012 Lucas ya gaya wa New York Times cewa bai ga dalilin ƙara yin wani ba tunda kullum zaginsa ake yi, kuma a watan Oktoba na shekarar ya sayar da kamfaninsa ga Disney a kan dala biliyan 4.05.

Da tallar The Force Awakens ta fito a Nuwamba 2014, fuskar da aka fara gani ta John Boyega ce, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, sanye da farin sulken sojan Daula. Wasu suka tayar da ƙura a intanet a kan launin fatarsa, shi kuwa ya ba su amsa a taƙaice cewa gara su saba. Fim ɗin ya fito a Disamba 2015 ya tara fiye da dala biliyan 2 a duniya.

A cikinsa ne aka biya wani tsohon bashi. Tun lokacin shirya fim ɗin 1983, Harrison Ford da Lawrence Kasdan sun so a kashe Han Solo don labarin ya yi nauyi, Lucas ya ƙi. Bayan shekara 32, Kasdan na cikin marubutan sabon fim ɗin, Ford ya dawo da furfura, aka kashe Han a kan wata siririyar gada, kuma ɗansa na cikinsa ne ya soke shi.